Shekara Tara, Ba Ku Ba Ke

Shekara tara Hanneke ta yi tana zuwa gidan surukarta kowace Lahadi da ƙarfe uku, kuma in ka ɗauke ranar farko, ba ta taɓa ce mata "ku" ba, ba ta taɓa ce mata "ke" ba.

Ba faɗa suka yi ba, ko kusa. Da za a tambayi Hanneke wa ta fi ƙauna a duk garin Meppel bayan mijinta Ewout, ba za ta tsaya tunani ba za ta ce mahaifiyarsa, Geesje. Abin dai a ranar farkon nan ya ƙulle, ya ƙi kwancewa.

Ranar Geesje ta cika shekara sittin da uku. An jera kujeru a falo sun yi da'ira kamar kullum, dangi sun zazzauna, kowa da farantin kek ɗin tuffa a cinya. Ewout ya shigo da budurwarsa, ta bi da'irar tana ba kowa hannu tana yi masa barka kamar yadda al'adarsu take, har ta iso kan mai bikin. A lokacin Hanneke tana da shekara ashirin da biyar, tana sayar da burodi a wani shago kusa da kasuwa, inda take ce wa mutane "u" na harshensu, wato "ku", sau ɗari a yini, kalmar girmamawa da ake yi wa baƙo da babba da likita. Ɗayar, "je", wato "ke" ko "kai", ta gida ce, ta 'yan'uwa da abokai, kuma ita an koya mata cewa ƙarami ba ya ɗaukar ta da kansa, sai babba ya ba shi. Saboda haka ta miƙa furannin da ta riƙo, ta yi abin da ta sani.

"Barka da wannan rana. Kuna so in sa muku su a ruwa?"

Kawu Harm, ƙanen Geesje, wanda ya yi shekara talatin yana tuƙa motar madara, ya waiga baya, ya leƙa bakin ƙofa.

"Ashe sarauniya ta shigo ba a gaya mini ba? Da na sa kwat ɗina ta coci!"

Da'ira ta kwashe da dariya. Ewout ma ya yi, ya dafa kafaɗarta.

"Haba Hanneke, mamata ce fa. Ce mata ke kawai."

Amma ba shi ke da bayarwa ba, Hanneke ta sani, kowa ma a falon ya sani. Ta ɗaga ido ta dubi Geesje tana jira. Fuskar Geesje ta yi ja har kunnuwa. Ta karɓi furannin, ta ce kofi zai huce, ta shige kicin. Ko da ta fito, hira ta koma kan gyaran titi.

To, "ku" ta jawo dariya, "ke" kuma ba a ba ta ba. Sai Hanneke ta samo wata siririyar hanya a tsakani, ta bi ta.

"Kofi?"

"Ƙarin madara?"

"An yi barci lafiya?"

"Gwiwar fa, da sauƙi?"

Ta gwanance har ba a lura. In tambaya ta yi tsawo ta ƙi bin wannan hanya, sai ta miƙa wa Ewout: "Tambayi mamarka ko tana son a kai ta asibitin ranar Talata." In Ewout yana bayan gida yana duba magudanar ruwa, sai ta ɗauki kyanwar gidan ta ce mata, "Ko uwar ɗakinki tana son a rufe taga?" Geesje kuwa sai ta amsa kamar ita aka tambaya kai tsaye, ta ce a rufe.

A hanyar komawa gida, kowa a kan kekensa, Ewout yakan tsokane ta.

"Yau sau goma sha ɗaya na ƙirga. Ko sau ɗaya ba ki zame ba. Ya kamata a sa ki a jarida."

"Ka dai duba gabanka kada ka faɗa ruwa."

"Faɗa mata kawai, Hanne. Ba za ta cije ki ba."

"Ita za ta faɗa mini."

"Mama? Sai ki jira har kekenki ya yi tsatsa."

Duk da haka ba abin da Geesje ta rage ta da shi. Hanneke tana 'yar shekara goma sha ɗaya mahaifiyarta ta rasu, ta bar makaranta da wuri ta kama aiki, ba ta saba a kula da ita ba. Lokacin da ta zame a kan ƙanƙara ta karya hannu, sati uku Geesje tana zuwa kullum da safe, ta sunkuyar da kanta a wurin wanke-wanke ta wanke mata gashi, ta taje, ta tafi. A shekara ta huɗu da cikinta ya zube, Geesje ta zo da tukunyar miya ɗaure a bayan keke, ta zauna tana fere dankali har yamma, ba ta tambaye ta komai ba. Bayan nan kuma, duk ranar biki in wata goggo ta soma cewa "To, ku yaushe ne?", kafin ta rufe baki Geesje ta tura mata farantin cuku a ƙarƙashin hanci.

Sannan ga kalanda. Kamar kowane gida, a banɗakin Geesje akwai kalandar ranakun haihuwa rataye a bayan ƙofa, wadda ba ta da shekara, wata da rana kawai, kowane ɗan gida da sunansa a layinsa. Wanda ya rasu a sa masa ƙaramin gicciye a gefe. Tsohon mijin Margriet, yayar Ewout, tun da suka rabu aka ja wa sunansa layi mai kauri har takardar ta ɓula. Sati ɗaya bayan ɗaurin aurensu Hanneke ta shiga banɗakin, ta ɗaga shafuka a hankali, ta ga sunanta a sha tara ga Oktoba da rubutun Geesje. Ta daɗe a ciki ran nan, har Ewout ya ƙwanƙwasa ya tambaya ko lafiya.

A watan Maris na bana Ewout ya faɗi a wurin aiki, yana cikin haɗa bututun ɗumama ɗaki a wani sabon gini. Zuciya ce. Kafin Hanneke ta cire rigar shago ta isa asibiti, Allah ya yi masa rasuwa. Aka yi jana'iza, aka sha kofi da kek, mutane suka ba ta hannu ɗaya bayan ɗaya, suka watse.

Lahadin farko bayan jana'iza ta je. Ta biyu ma ta je. Nan ta gane ashe rabin maganarta ta kan Ewout take bi. Yanzu su biyu ne kawai da agogon bango. Kyanwar ma ta tsufa ta koma kwanciya a sama.

"Kofi?"

"To."

"An samu barci?"

"Kaɗan-kaɗan."

Shi ke nan. Abin da take son tambaya ba ya shiga wannan siririyar hanya. Matar da ta binne ɗanta ba a tambayar ta yadda zuciyarta take kamar ana tambayar yanayin gari.

Lahadi ta uku ta hau keke ta zo har gadar da ke bakin layin. Ta sa ƙafa ɗaya a ƙasa. Daga nan tana hango tagar falon, labule a buɗe, da farin kan Geesje. Sai wani tunani ya zo mata wanda bai taɓa zuwa ba: ba a faɗo wa mutum gida ba tare da an sa rana ba, kuma ƙarfe ukun Lahadin nan alkawarin ɗa ne da uwarsa. Ita rakiya take yi. Ba ɗa a tsakaninsu, ba jika. Wanda ya haɗa su ya tafi. Wa ya ce mata har yanzu ana jiran ta? Ta juya keken ta koma gida.

Lahadi bakwai suka wuce haka. Ba ta je ba, ba a kira ta ba.

Ran wata Laraba tana jera burodi a kanta, wayarta ta yi ƙara. Margriet ce, wadda ke zaune a Utrecht, mai magana kamar jirgi zai tashi ya bar ta.

"Hanneke, Mama za ta koma ɗan ƙaramin gida na tsofaffi kusa da coci, hawa bene ya fi ƙarfin gwiwarta. Asabar muke kwashe kaya. Akwai kwali biyu na Ewout a sama, littattafan makaranta da takalman gudun ƙanƙara. Ƙarfe goma ya yi miki?"

"Ya yi."

"Na rubuta. Sai Asabar."

Hanneke ta ajiye wayar. Wata dattijuwa tana tsaye tana jira, ta ce mata, "Me kuke so a ba ku?" Bakinta ya faɗa da kansa, kamar yadda ya saba. Tana yanka burodin tana lissafin abin da ke gabanta. Kwali biyu. In ta ɗauke su, ba sauran abin da zai kai ta wurin Geesje. Sabon gida ne, Ewout bai taɓa taka shi ba, ba Lahadin da ya kafa a can. Za su riƙa haɗuwa a kasuwa su ɗaga wa juna hannu, wata rana kuma ta ga sanarwa a jarida. Uwa ɗaya ta riga ta rasa ba a yi shawara da ita ba. Wannan kuwa, in ta rasa ta, da bakinta a rufe ta rasa ta. Ta ƙudura a ranta ranar Asabar za ta tambaya ko ana son ta ci gaba da zuwa. Yadda za ta yi tambayar ne ba ta sani ba.

Asabar ta zo da rana mai kyau. Ta cika jaka da burodi mai zabibi, irin wanda Geesje ke so, ta isa goma saura biyu. Ƙofar gidan a buɗe, kwalaye har bakin titi, Kawu Harm yana ɗaure kujeru a 'yar tirelar da ya jona wa motarsa. Shi tun ranar farko ya ce mata in ta ce masa "ku" ba zai amsa ba.

"Ga mai burodi! Mun zaci kin yi hijira zuwa Kanada."

"Ina nan, Kawu. Kai ne dai ba ka zuwa shago."

"Likita ya hana ni. Amma bai ce kada in ci na kyauta ba. Me ke cikin jakar?"

Geesje ta fito daga kicin da ƙyallen aiki ɗaure a ƙugu. Ta rame. Rigar da Hanneke ta san ta cif a jikinta yanzu kafaɗun sun sauko. Suka yi sumbar kumatu uku kamar kullum.

"Kin zo," in ji Geesje.

"Na zo. An fara tun da wuri?"

"Tun bakwai. Margriet ba ta bar kowa ya zauna ba."

Hanneke ta hau sama ta sauko da kwalayen Ewout, ta ajiye su kusa da kekenta ba ta buɗe ba. Sannan ta kama aiki da sauran. Goma da rabi aka tsaya shan kofi, kowa a kan kwali, don kujeru sun riga sun hau tirela. Hanneke ce ta ɗauki buta tana zubawa. Da ta zo kan Geesje, Kawu Harm ya ɗaga yatsa.

"Ku yi shiru ku ji. Yanzu za ta yi."

Hanneke ta tsaya da buta a hannu.

"'Madara?'" in ji Kawu Harm da siririyar murya. "'Sukari?' 'Biskit?' Shekara tara, kamar mai karanta takardar cefane. Ni fa na yi kewar abin."

"Kawu," in ji Margriet, "je ka kama ƙafar teburin can ka bar mutane su sha kofi."

"Yabo nake yi! Ni ko minti biyar ba zan iya ba."

Ashe kowa ya sani. Hanneke ta ji zafi ya taso mata daga wuya har goshi. Ta zuba kofin, ta zuba madara ba ta tambaya ba, don ta san adadin. Geesje ba ta dubi kowa ba.

"Harm, yau bakinka ya fi hannunka aiki," ta ce.

Bayan kofi Margriet da Kawu Harm suka shiga mota za su kai kayan farko sabon gidan, da kyanwar a cikin kwando. Margriet ta leƙo ta taga.

"Hanneke, ciro tsohuwar kalandar banɗaki ki sa a shara, ta gama yayi. Mama ta sayi sabuwa ta kwafe sunayen."

Hanneke ta ciro ta daga ƙusa. Takardar ta yi rawaya, gefunan sun nannaɗe. Ba ta iya sa ta a shara ba, ta shiga da ita kicin. Geesje tana tsaye ta ba ta baya, tana naɗe kofunan tangaran da tsohuwar jarida. A kan tebur ga sabuwar kalanda, ƙarama, mai hoton tsuntsaye, da biro a kanta.

Ba ta yi niyyar taɓawa ba, hannunta ne ya je. Janairu, Margriet. Yuni, Ewout, da ƙaramin gicciye a gefe. Ta tsallake zuwa Oktoba. Uku ga wata, Harm. Ashirin da bakwai, wata jikar maƙwabta. Sha tara kuwa fari fat. Ta duba Nuwamba, an cika. Disamba, an cika. Ba wai ba a gama ba ne. Ta dawo Oktoba ta ƙura ido. A farkon layin sha tara akwai ɗigon tawada guda ɗaya, inda bakin biro ya sauka ya tashi.

Ta rufe kalandar. Ƙafafunta suna ce mata ta fita, ga kwalaye can, ga keke, minti goma ta isa gida. Ta riƙe bakin tebur.

"Lahadi," ta ce. Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa. "A sabon gidan. In ba damuwa. Ko za a so a riƙa... in ana so a..."

Geesje ta ajiye kofin da ke hannunta, ta juyo.

"Wa kike tambaya, Hanneke?"

Geesje ta nuna kicin ɗin da hannu.

"Kyanwa ta tafi a mota. Ewout ba ya nan. Ni kaɗai ce a kicin ɗin nan. Wa kike tambaya?"

Ba da faɗa ta yi maganar ba. Hanneke ta duba hagu ta duba dama, siririyar hanyar nan ta ƙare. Sai ta ɗauki kalmar da take da iko da ita, wadda aka yi mata dariya a kanta.

"Ku nake tambaya. Kuna so in ci gaba da zuwa?"

Geesje ta zauna a kan kwali kamar an tura ta. Ta ɗauki takardar jarida ta shimfiɗa a cinya tana gyara ta da tafin hannu.

"Uwar mijina," ta ce, "shekara ashirin da shida ina ce mata ku. Har a gadon asibiti, ina ba ta ruwa a cokali. Ba ta taɓa ba ni ɗayar ba. Na yi wa kaina alkawari in na samu suruka ba zan yi mata haka ba. Ranar da Ewout zai kawo ki, na shirya maganar tun safe. Ina yanka kek ina maimaitawa. Sai wancan mai motar madarar ya buɗe bakinsa."

Ta share hanci da bayan hannu.

"Kowa yana dariya, ke kina kallona. Na ji in na faɗa a lokacin, kamar ni ma dariyar nake taya su. Na ce bari in shiga kicin in dawo. Na dawo ana maganar titi. Na ce to Lahadi mai zuwa. Lahadi ta zo, na ce sai mun keɓe. Da aka shekara, kunya ta kama ni: yaya zan ce wa yarinya abin da ya kamata in ce mata bara? Da aka yi biyar, sai na ce ƙila haka kika fi so. Ki riƙe ni da kyau, amma daga nesa."

"Daga nesa?" in ji Hanneke. "Gashina fa aka... kuka wanke mini."

"Gashi ai ba ya buƙatar magana."

Dariya ta kuɓuce wa Hanneke tare da hawaye, ta rufe baki da hannu.

"Na gan ki a gada," in ji Geesje. "Na riga na ɗora kofi na mutum biyu. Kowace Lahadi tun daga nan na mutum biyu nake ɗorawa, in sha nawa, in zubar da saura. Na ɗauki waya ya fi sau nawa. Sai in ce, yarinya ce, shekara talatin da huɗu, rayuwa na gabanta. Don Ewout take zuwa. Wane iko nake da shi in ɗaure ta da tsohuwa?" Ta nuna kalandar da haɓa. "Wancan ma haka. Na sa biro, na ce in na rubuta, na rubuta abin da ba nawa ba. In ban rubuta ba kuma... Sai na bar layin."

Ta miƙe da ƙyar, tana dafa gwiwa. Ta goge hannuwanta biyu a ƙyallen ƙugunta, ta gyara gashinta, ta tsaya tsaf kamar mai karɓar baƙo a bakin ƙofa. Sannan ta miƙa hannu.

"Ni ce babba, ni ya kamata in faɗa, na kuma makara. Sunana Geesje. Ki ce mini ke."

Hanneke ta kama hannun. Sanyi ne da shi, baƙin jarida duk ya shafe yatsun.

"To sake tambayar," in ji Geesje. "Waccan ba ni aka yi wa ba."

Kalmar 'yar ƙarama ce, yara ma da ita suke fara magana, amma sai a gwaji na biyu ta fito daga bakin Hanneke.

"Geesje. Kina so in ci gaba da zuwa?"

"Ina so."

Ba ta saki hannun ba.

"Falon can kamar akwati yake. Margriet ta ce kujera ɗaya ta ishe ni. Na ce a kai biyu. Ta ce ta wa? Na ce a dai kai."

Daga nan kamar an buɗe famfo. Hanneke ba ta san tambayoyin suna da yawa haka ba sai da suka fara fitowa.

"Kina cin abinci kuwa? Kin ga yadda kika rame? Wa ke kai ki asibitin gwiwar yanzu? Kina shan maganin? Kina zuwa kabarin?"

"Ke, a hankali! Duk a ina kika ɓoye su?"

Amma ta amsa, ɗaya bayan ɗaya, kuma ba "kaɗan-kaɗan" ta ce ba. Ta ce girki na mutum ɗaya ya fita ranta, burodi take ci a tsaye. Ta ce asibiti a bas take zuwa, sau ɗaya ma ta wuce tashar. Ta ce kabarin takan je ranar Alhamis da safe, kuma kullum takan tarar an canza ruwan furanni, ta san wa ke yi, don Ewout ya taɓa gaya mata Hanneke ba ta aiki Laraba da yamma.

"Ni kuma nakan tarar an cire ciyawa," in ji Hanneke.

"To ai ga shi nan. Kwana ɗaya tsakaninmu, kamar masu gudun juna."

Ta jawo kalandar, ta buɗe Oktoba, ta ɗora bakin biro daidai kan ɗigon nan, ta rubuta sunan a hankali, harafi bayan harafi. Ta hura tawadar ko da yake ba ta buƙata.

Suna cikin naɗe sauran kofunan motar ta dawo. Kawu Harm ya shigo yana fifita da hula, yana cewa duk wanda ya ƙera kabad ɗin nan bai taɓa ɗaukar sa ba. Hanneke tana riƙe da babbar tukunyar miya, wadda aka taɓa ɗauro mata a bayan keke. Ta ɗaga tukunyar ta nuna wa Geesje.

"Geesje, wannan fa? Kina son ta a can, ko a bayar?"

Kawu Harm ya tsaya cak da hula a hannu. Ya dubi wannan, ya dubi waccan. Ya ja numfashi zai yi magana, Geesje ta zaro burodi mai zabibi daga jaka ta danna masa a hannu.

"Ci. Sau ɗaya ka yi mini, ya isa."

"Ni me na ce?"

"Ba ka ce ba tukuna. Ci."

Ya ci. Margriet da ta shigo bayansa ta tsaya a bakin ƙofa, ta dube su su biyun, sannan ta ce a sa tukunyar a kwali na huɗu.

"Ba a kwali ba," in ji Geesje. "Murhun can ƙarami ne, ba za ta hau ba. Hanneke, tafi da ita gidanki. In kin dafa, ki kawo mini."

Da la'asar aka kai kaya na ƙarshe. Sabon gidan yana warin fenti, kujeru biyu suna fuskantar taga, kyanwa ta riga ta haye ɗaya. Kawu Harm ya ce shi ya gama, ko ƙusa ɗaya ba zai ƙara bugawa ba, sai Hanneke ta karɓi gudumar ta shiga banɗaki da kalanda. Ta buga ƙusar a bayan ƙofa, ta rataye, ta buɗe watan Yuni. Ta daɗe tana kallon sunan Ewout. Ta so a ce yana nan ya ƙirga na yau.

Ta fito ta tarar da Geesje tana neman buta a cikin kwalaye.

"Na gode miki," ta ce.

"Da me? Ke kika buga ƙusar."

"Na dai gode miki."

Geesje ta ci gaba da tonon kwali, kunnuwanta sun yi ja.

"Gobe fa Lahadi," ta ce. "Kada ki tsaya a gada. Nan ma akwai wata, kuma daga kujerar can ina ganin ta sarai."